Sor Juana Inés de la Cruz: Malamar da aka raba da littattafanta

A shekara ta 1990 wata mai shirya silima ƴar ƙasar Arjantin, María Luisa Bemberg, ta fito da wani fim mai suna Yo, la peor de todas, wato mace ce ke kiran kanta mafi muni cikin mata duka. Babu yaƙi a cikinsa, babu sukuwar dawaki. Labari ne na wata mace da littattafanta, da yadda magabatan addininta suka shiga tsakaninsu. Matar ta rayu da gaske a ƙasar Meksik, shekaru fiye da 300 da suka wuce. Sunanta Sor Juana Inés de la Cruz. Ana faɗin Juana kamar Huwana, kalmar Sor kuwa ma'anarta ƴar'uwa, laƙabin da ake ba matan Katolika masu zaman zuhudu, waɗanda suka bar aure da gidan iyaye domin ibada. Ga tarihinta.

Asali da ƙuruciya

An haife ta a San Miguel Nepantla, wani ƙauye da ke kudu maso gabashin birnin Meksiko, kusa da Popocatépetl, dutsen nan mai aman wuta. Diego Calleja, wanda ya fara rubuta tarihinta, ya ba da ranar 12 ga watan Nuwamba 1651. Amma wata takardar baftisma da aka gano daga baya, wadda masana da yawa ke ganin tata ce, tana ɗauke da watan Disamba na 1648. A wancan zamani ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Espanya, ana kiranta Sabuwar Espanya. Gwamna ne ke riƙe da ita a madadin sarkin da ke zaune a Madrid, babban bishop kuma yana riƙe da coci, kowannensu da fadarsa da mutanensa.

Mahaifinta, Pedro Manuel de Asbaje, bai auri mahaifiyarta ba, bai kuma daɗe tare da su ba. Mahaifiyar, Isabel Ramírez, jaruma ce wadda ta yi shekaru tana tafiyar da babban gandu ita kaɗai, amma ba ta iya karatu da rubutu ba. Juana ta tashi a gandun Panoayan, hannun kakanta na wajen uwa, Pedro Ramírez, dattijo mai tarin littattafai.

Ita da kanta ta ba da labarin yadda ta fara karatu. Ba ta cika shekara 3 ba ta bi yayarta zuwa wajen wata malama da ke koya wa ƴan mata, ta ce da malamar wai uwarta ce ta aiko a koya mata ita ma. Malamar ta gane ƙarya ce irin ta yara, amma ta biye mata, kafin labari ya kai gida yarinya ta iya karatu. Da ta ji an ce cuku yana dushe basira, sai ta bar cinsa duk da sonsa da take yi. Tana da shekara 6 ko 7 ta ji cewa akwai jami'a a birnin Meksiko, amma maza kaɗai ke shiga. Ta dami uwarta da roƙo a sa mata tufafin maza a kai ta. Uwar ta ƙi, Juana ta koma kan littattafan kakanta, faɗa da horo ba su hana ta ba.

Ta kuma ɗora wa kanta wata doka mai tsanani. Takan yanke gashin kanta, ta ɗibar wa kanta darasin da za ta sani kafin gashin ya komo yadda yake. In ya tsiro ba ta sani ba, sai ta sake yanke shi, domin a ganinta bai kamata gashi ya ƙawata kan da babu ilimi a cikinsa ba. Harshen Latin, wanda shi ne harshen ilimi a lokacin, darussan da aka ba ta a kansa ba su kai 20 ba, sauran ita ta ƙarasa da kanta.

A fadar gwamna

Bayan rasuwar kakanta aka kai ta birnin Meksiko wajen ƴar'uwar mahaifiyarta. A shekara ta 1664 sabon gwamna, Marqués de Mancera, ya iso ƙasar, matarsa Leonor Carreto kuma ta ɗauki Juana cikin ƴan matan fadarta. Ba a jima ba labarin saninta ya cika gari. Calleja ya ruwaito cewa gwamna ya tara malamai kimanin 40, masana addini da falsafa da lissafi da tarihi da waƙa, domin su gwada ta. Suka yi ta jefo mata tambayoyi tana amsawa, har gwamnan ya kwatanta abin da babban jirgin ruwan sarki wanda ƴan ƙananan kwale-kwale suka taso wa.

Amma yabon fada ba ya zama gado. Yarinyar da aka haifa ba da aure ba, ba ta da dukiya, ba ta da uba tsaye, hanyoyi biyu ne a gabanta: aure ko gidan zuhudu. Ta bayyana daga baya cewa ba ta da sha'awar aure ko kaɗan, abin da take so shi ne ta zauna ita kaɗai, babu hayaniya, babu aikin da zai raba ta da karatu. Tun da babu irin wannan zama ga mace a ƙasar, sai ta zaɓi wanda ya fi kusa da shi. Wanda ya ƙarfafa mata gwiwa shi ne Antonio Núñez de Miranda, limami ɗan ƙungiyar Jezuwit, mai faɗa a ji, wanda ke yi wa kotun binciken aƙida aikin tantance rubuce-rubuce. Shi ya zama jagoranta na addini, wanda take kai wa ikirarin zunubi bisa al'adar Katolika.

A watan Agusta na 1667 ta shiga gidan zuhudun Karmel, amma tsananin dokokinsa ya fi ƙarfinta, ta fito bayan wata 3. Ran 24 ga watan Fabrairu 1669 ta ɗauki alkawarin zuhudu a gidan San Jerónimo, inda wani mai hali, Pedro Velázquez de la Cadena, ya biya mata kuɗin shiga. Daga wannan rana ba ta sake taka titin birni ba har ƙarshen ranta, shekara 26.

Shekarun albarka

Dokokin San Jerónimo suna da sassauci. Kowace mai zuhudu tana da sashenta, masu hali kuma suna da barori. Juana ma mahaifiyarta ta ba ta baiwa guda, domin bauta tana nan daram a ƙasar a wannan zamani. Ta riƙe lissafin kuɗin gidan shekaru da yawa, ƴan'uwanta suna sake zaɓenta saboda amana da iya aiki. Abin da ya rage mata na lokaci sai ta ba karatu. Ta tara littattafan da Calleja ya ƙiyasta sun kai 4,000, tare da kayan kiɗa da na'urorin lissafi. A ɗakin ganawa da baƙi, ta bayan tagar ƙarfe, manyan gari da masana irin su Carlos de Sigüenza y Góngora sukan zo su zauna ana muhawara.

A shekara ta 1680 majalisar babban cocin birnin ta ba ta aikin tsara ƙofar maraba domin tarbar sabon gwamna, Marqués de la Laguna, aka biya ta peso 200. Daga nan shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakaninta da matar gwamnan, María Luisa Manrique de Lara, wadda ta zama garkuwarta. Cikin inuwar wannan fada Juana ta rubuta wasannin kwaikwayo, kamar Los empeños de una casa da aka nuna a 1683, da waƙoƙin soyayya, da na yabo, da na bukukuwan coci waɗanda aka rera a biranen Meksiko da Puebla da Oaxaca. A cikin wasu ta sa harshen Nahuatl na ƴan asalin ƙasar, da irin maganar bayin da aka kwaso daga Afirka. Wata waƙarta da har yau ƴan makaranta ke haddacewa tana tuhumar maza waɗanda ke jan mace zuwa ga laifi, sa'an nan su juyo su zarge ta da shi.

Mafi girman aikinta shi ne Primero sueño, wato mafarkin farko, waƙa mai layi 975. A cikinta ruhin mutum ya tashi da dare yana neman ya gane dukkan halitta da kallo guda, yawan abin ya dushe masa gani, ya koma yana bi daki-daki, bai kai ƙarshe ba gari ya waye. Ta ce wannan kaɗai ta rubuta don son ranta, sauran duk roƙonta aka yi ko aka umarce ta.

Núñez de Miranda bai ji daɗin wannan suna da ta yi ba, ya riƙa sukarta a gari. Wajen shekara ta 1682 ta rubuta masa wasiƙa ta sallame shi daga jagorancinta, tana mai nuna cewa ƙofar rahamar Allah ba a hannun mutum guda take ba. An gano kwafin wannan wasiƙa a birnin Monterrey a 1980. Da María Luisa ta koma Espanya, ta tafi da rubuce-rubucen ƙawarta, aka buga kundi na farko a Madrid a 1689. Sunan Juana ya ƙetare teku, amma garkuwarta ma ta ƙetare, ta bar ta a fili.

Wasiƙar da ta jawo rigima

Tun daga 1682 babban bishop na Meksiko shi ne Francisco de Aguiar y Seijas. Mutum ne mai yawan sadaka da gudun duniya, amma mai tsanani. Ya yaƙi wasan kwaikwayo da wasan zakaru, an kuma san shi da ƙin haɗa ido da mata, har ba ya yarda su shiga gidansa. Mace mai zuhudu da ke rubuta wasan kwaikwayo ana buga ta a Madrid ba abar da zai so ba ce.

A shekara ta 1690, cikin hira da baƙi, Juana ta yi sharhi a kan wani tsohon wa'azi na António Vieira, shahararren mai wa'azi ɗan Fotugal kuma ɗan Jezuwit, game da wace ce mafi girma cikin alamun ƙaunar Almasihu ga mutane. Ta nuna inda take ganin hujjojinsa suka yi rauni. Aka roƙe ta ta rubuta abin da ta faɗa, ta rubuta. Sai bishop na Puebla, Manuel Fernández de Santa Cruz, ya buga takardar a ƙarshen shekarar, ba da izininta ba kamar yadda ta faɗa, ya sa mata suna Carta atenagórica. Ya haɗa da wata wasiƙa tasa wadda ya sa wa hannu da sunan mace, Sor Filotea. A ciki ya yaba basirarta, sa'an nan ya gargaɗe ta da ta rage ilimin duniya ta koma ga littattafan addini. Marubucin nan na Meksik, Octavio Paz, yana ganin bishop ɗin ya yi amfani da ita ne domin ya soki babban bishop, wanda ke girmama Vieira ƙwarai. Ko ta yaya aka yi, mace ta yi wa limami gyara a fagen ilimin addini a bainar jama'a, masu suka kuwa suka yi mata ca.

Amsarta

Ran 1 ga watan Maris 1691 ta kammala amsa mai tsawo zuwa ga wannan Sor Filotea, tana sane da ko wane ne a bayan sunan. Ta fara da ladabi da ƙanƙan da kai, ta ce ba ta son abin da zai haɗa ta da kotun binciken aƙida. Daga nan ta ba da labarin rayuwarta, ta nuna cewa son sani Allah ne ya halicce ta da shi, ta ma roƙe shi ya rage mata, bai rage ba. Ta yi bayanin cewa ba a fahimtar littafi mai tsarki sai da sauran fannoni: lissafi domin gane ƙidayar shekaru, tarihi da shari'a domin gane al'adun mutanen da, ilimin gini da na taurari da na kiɗa domin gane ayoyin da suka ambace su.

Ta tuna lokacin da wata shugabar gidan ta hana ta taɓa littafi har kusan wata 3. Ta bi umarni, amma ta ce hankalinta bai bar karatu ba, sai ya koma kan halittar Allah. Ta ga yara mata suna wasa da katantanwa, ta sa aka barbaɗa gari a ƙasa domin ta ga irin zanen da take bari in tana juyawa. A madafa ta lura cewa ƙwai yana haɗuwa ya soyu cikin mai, amma ya wargaje cikin ruwan sukari. Ta yi ba'a da cewa da masanin nan Aristotal ya taɓa girki, da abin da ya rubuta ya fi haka yawa.

Ta jero mata masu ilimi da hikima na zamanin da, irin su Debora mai shari'a, da Sarauniyar Saba, da Hypatia ta Iskandariya. Game da maganar Bulus cewa mata su yi shiru a coci, ta ce wa'azi a kan mumbari aka hana su, ba a hana su karatu da rubutu da koyarwa a gida ba. Ta kawo shawara mai amfani: a samu dattijai mata masu ilimi su riƙa koyar da ƴan mata, domin iyaye da yawa sun gwammace su bar ɗiyansu cikin jahilci da su damƙa su ga malamai maza. Ba a buga wannan amsa ba sai bayan mutuwarta.

Shiru

Sai masifu suka sauko wa ƙasar. A 1691 ruwan sama ya yi yawa har ya yi ɓarna, rana ta yi husufi ran 23 ga watan Agusta, cuta kuma ta kama alkama. Masara ta yi tsada, ƙarancin cimaka ya tsananta. Ran 8 ga watan Yuni 1692 talakawa suka yi bore, suka sa wa fadar gwamna da gidan majalisar birni wuta. Jama'a suka ɗauki abin a matsayin fushin Allah, aka shiga jerin gwanon tuba, murya ta koma ga masu tsanani. A wannan shekara aka buga kundinta na biyu a birnin Sebil na Espanya, cike da yabon malaman can, amma yabon nesa bai kare ta a gida ba.

A 1693 ta koma ƙarƙashin jagorancin Núñez de Miranda, ta daina fitar da rubutu. A farkon 1694, shekara 25 da shigarta zuhudu, ta sa hannu a kan takardun tuba da sabunta alkawari, ta 5 ga watan Maris kuwa da jininta ta sa mata hannu. Littattafanta da kayan kiɗa da na'urori aka miƙa wa babban bishop, aka sayar, aka ba matalauta kuɗin. A cikin kundin rajistar gidan ta rubuta roƙon gafara, ta kira kanta mafi muni a duniya. Irin wannan furuci masu zuhudu sun saba yin sa, daga gare shi kuma fim ɗin ya samo sunansa.

Kotun binciken aƙida ba ta taɓa gurfanar da ita ba. Saboda haka masana suka rabu biyu. Wasu, musamman daga cikin malaman Katolika, sun ce tuba ce ta gaskiya, ita ta zaɓi ta bar duniya. Wasu, da Paz a gabansu, sun ce matsi ne da tsoro da kaɗaici suka karya ta. Lissafin kayan ɗakinta da aka yi bayan rasuwarta, wanda ya fito fili a shekarun 1990, ya nuna an tarar da littattafai 180 da ƙunshin takardu 15. Ashe ko a shekarun shirun ba ta zauna hannu wofi ba.

A farkon 1695 annoba ta shiga gidan San Jerónimo. Juana ta tsaya jinyar ƴan'uwanta har cutar ta kama ta. Ta rasu ran 17 ga watan Afrilu 1695, wata 2 bayan mutuwar Núñez de Miranda, ba ta kai shekara 50 ba.

Abin da ya rage

An iya kwashe littattafan da ke ɗakinta, amma waɗanda aka riga aka buga sun fi ƙarfin mai kwasa. A 1700 aka fitar da kundi na uku a Madrid, da amsarta ga Sor Filotea a ciki. Daga baya aka yi kusan shekara 200 ba a cika kula da ita ba, sai a ƙarni na 20 masana suka sake tono ta. Alfonso Méndez Plancarte, wanda shi ma limamin Katolika ne, ya jagoranci tattara ayyukanta, aka buga su cikin kundi 4 tsakanin 1951 da 1957. A 1982 Octavio Paz ya fitar da babban littafinsa a kanta, shi ne kuma ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1990.

A kan littafin Paz María Luisa Bemberg ta gina fim ɗinta, saboda haka fim ɗin ya bi ra'ayin masu cewa tilasta mata aka yi. Assumpta Serna ta Espanya ce ta fito a matsayin Juana, Dominique Sanda ta Faransa kuma a matsayin matar gwamna. Bemberg kanta sai da ta kusa shekara 60 kafin ta samu shirya fim ɗinta na farko mai tsawo. Ta rasu a 1995, shekara 300 daidai bayan matar da ta ba da labarinta.

Ƙasar Meksik ta sa hoton Sor Juana a kan takardun kuɗinta har sau da dama, na baya-bayan nan a kan takardar peso 100 da ta fito a 2020, an kuma ƙara sunanta a kan na ƙauyen da aka haife ta. Gidan San Jerónimo an rufe shi a 1867, bayan dokokin da suka karɓe kadarorin coci. Ya zama barikin soja, wani sashensa ma ya zama gidan rawa, kafin hukuma ta gyara shi. A 1979 aka buɗe jami'a a cikinsa mai ɗauke da sunanta. A harabar da aka fitar da littattafanta aka sayar, ƴan mata suna shiga aji tare da samari, kowace da tufafinta na mata, abin da wata yarinya ƴar shekara 7 ta roƙi uwarta a gandun Panoayan ba ta samu ba.